Jinin Lebura A Wuyan Wa Yake?

 

Ya ku 'yan'uwa, duk wanda ya saba fitowa da sassafe a Samaru ko Sabon Gari ya san mutanen da za mu yi magana a kansu. Kafin rana ta fito sun riga sun tsugunna a bakin manyan tituna, kowa da sheburinsa ko digarsa ko kwanon sarkinsa, suna jiran wanda zai tsaya da mota ya ce mutum biyar nake so. Waɗansu daga ƙauyukan Giwa da Kudan da Maƙarfi suke, waɗansu 'yan ci-rani ne daga Katsina da Zamfara har da Nijar. Ba a tambayar sunansu, ba a rubuta shi a ko'ina, kuma idan magariba ta yi aka ƙirga musu kuɗin yini, alaƙa ta yanke. Da kawunansu aka ɗauki kankaren kusan kowane bene da ke tsaye daga Kwangila zuwa Palladan, daga Hayin Dogo zuwa Bomo, amma ba su da ɗaki ko ɗaya a cikinsu.

Cikin daminar da ta wuce mun halarci jana'izar ɗaya daga cikinsu, saurayi wanda bai wuce shekara 20 ba. Ana gina ɗakunan haya na ɗalibai hawa uku a wata unguwa ta bayan jami'a, ranar zuba dekin ce, shi da 'yan'uwansa suna hawa da kankare a ka bisa wani tsani na katako da aka jingina, ba makari a gefe, ruwan sama ya jiƙa shi tun dare. Katako ɗaya ya karye. Aka ɗauke shi a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti, bai kai asuba ba. Mai ginin ya aiko da buhun shinkafa da kuɗin likkafani, masu gaisuwa suka yaba da kirkinsa, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Washegari aka canza katako ɗayan nan da ya karye, aka bar sauran, aiki ya ci gaba. Ba za mu faɗi unguwar ba, ba kuma za mu faɗi mai ginin ba, domin da mun san shi kaɗai ne da nasiha a kunne ta wadatar.

Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗinta da mai ɗacinta, kuma babu ran da zai fita kafin ajalinsa. Babu jayayya a kan wannan tsakanin Musulmi. Abin da muke jayayya a kansa shi ne bakin da kalmar ta fito. Idan mahaifiyar mamaci ta ce ƙaddara ce, wannan haƙuri ne da muke fatan Allah Ya ba ta ladansa. Idan kuwa wanda ya sayo ruɓaɓɓen katako don ya rage 'yan nairori shi ne ya ce ƙaddara ce, to lalle ya ɗauki rukuni daga rukunan imani ya mai da shi mayafin rufe laifinsa. Shi ɗin nan ne fa yake sa wa shagonsa kwaɗo uku, ya ɗauki maigadi a wurin ginin don kada a saci buhun siminti, ya ƙirga rodi ɗaya bayan ɗaya kafin direba ya tafi. In yaron shago ya ɓatar masa da kuɗi ba ya cewa ƙaddara ce, ofishin 'yan sanda ake zuwa. Ashe tawakkalinsa bai tashi motsawa ba sai da aka zo kan ran talaka?

Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kama hanyar Sham da tawagarsa, aka ba shi labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai ya juya da mutane. Da aka tuhume shi da gudun ƙaddara, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Ɗalibin makarantar Islamiyya ya san labarin balaraben da aka umurta ya ɗaure raƙumarsa sa'an nan ya dogara ga Allah. Akwai ma wanda ya fi waɗannan kusa da maganarmu: Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hani ga mutum ya kwanta a kan soron da ba shi da abin da zai tare shi daga faɗowa. Ku dubi wannan da kyau. Mutum ne baligi, mai hankali, a kan soronsa na kansa, ba wanda ya tilasta shi, amma shari'a ta hana shi jefa ransa cikin wannan haɗari. To ina ga wanda ya ɗauko ɗan wani, yunwa ta kawo shi, ya ɗora masa kwanon kankare a ka, ya tura shi hawa na uku a kan abin da shi kansa ba zai yarda ɗansa ya taka ba? Ba banza ba magabatanmu suke zagaye soro da rawani.

Shari'a kuma ba ta tsaya ga wa'azi ba, ta yanke hukunci. Aya ta 92 a Surar Nisa'i ta ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure abu biyu: diyya da za a miƙa wa iyalansa, da kaffara, wadda a wannan zamani ita ce azumin wata biyu a jere. Diyyar kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya. Wannan fa ga wanda bai yi niyyar kisa ba ke nan. Malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin wanda ya kashe da hannunsa da wanda ya zama sanadi, kuma sun ɗora lamuni a kan mai sanadi matuƙar akwai sakaci ko ƙetare iyaka a cikin aikinsa. Wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a ba da haƙƙi ba, wani ya faɗa, ya lamunta. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan Zariya tun kaka da kakanni, akwai mas'alar bangon da ya karkata: idan an gargaɗi mai shi, yana kuma da halin gyarawa bai gyara ba, har bangon ya faɗa wa wani, to abin da ya halaka yana wuyansa. Mun sha karanta wannan babi muna wucewa kamar labarin wata ƙasa, alhali kuwa bangon yana layinmu.

Mun san abin da waɗansu masu ɗan karatu za su kawo. Za su ce ai ya tabbata a Buhari da Muslim cewa babu diyya ga wanda ya halaka a rijiya ko a ramin haƙar ma'adini, saboda haka wanda aka ɗauka aikin haƙa ƙasa ta rufta masa ba a bin kowa komai. Hadisin ingantacce ne, ba mu musunsa. Amma masu sharhinsa sun bayyana cewa yana magana ne a kan inda mai rijiyar bai yi ta'addanci ko sakaci ba, watau ya haƙa a mulkinsa ko a inda aka yarda, ya ɗauki ma'aikaci wanda ya san aikin, abin ya auku ba da hannun kowa ba. Ina wannan ya haɗu da wanda aka ce masa ƙasar nan tana zubowa, a kafa katako a tokare ta, ya ce babu kuɗin katako, a shiga a gama yau? Ina ya haɗu da wanda ya ba da igiyar da ta tsinke sau biyu aka ƙulla? Hujjar da aka saukar don kada a zalunci mai rijiya marar laifi ba za ta zama lasisin binne masu haƙar sokawe da ransu ba.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne yadda Musulmin farko suka shiga cikin wannan sana'a har ƙwaryarta. A birnin Ishbiliya na Andalus, cikin ƙarni na 12, Ibn Abdun ya rubuta littafi kan aikin hisba, inda ya yi magana a kan girman tubali da kaurin katakon rufi, ya kuma nemi a ajiye ma'aunin tubali na asali wanda za a riƙa gwada na masu sayarwa da shi. A Tunis, cikin ƙarni na 14, wani magini ɗan mazhabar Malikiyya mai suna Ibn al-Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya dubo gine-ginen da ake rigima a kansu, ya tara hukunce-hukuncen gini a littafi guda. A nan ƙasar Hausa ma akwai Sarkin Magina, wanda magina suke ƙarƙashinsa, kuma yaro ba ya zama gwani sai ya daɗe yana cuɗa ƙasa yana miƙa tubali a gaban ubangidansa. Wannan tsari ya raunana da zuwan siminti da 'yan kwangila, kuma babu abin da ya maye gurbinsa a ƙananan gine-gine. Yau wanda ya yi wata shida yana miƙa bulo sai ya sayi cokalin gini, gobe ka ji ana kiransa injiniya.

Mutanen Zazzau ba sa bukatar a tuna musu da ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023. Ana cikin sallar la'asar wani sashe na babban masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufto a kan masallata, aƙalla mutum 7 suka rasu, da dama suka jikkata. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu. Masallacin nan Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi cikin shekarun 1830, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kuma bakan gizonsa ya ɗauki rufi kusan shekara 190, abin da benayen siminti da yawa na yau ba za su yi rabinsa ba. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya faɗa wa manema labarai cewa an ga tsagewa a bango kwana ɗaya kafin abin, ana kuma shirin kawo injiniyoyi su duba. Ba mu kawo wannan don mu tuhumi kowa ba, kuma faɗin gaskiyar da Sarki ya yi ya fi mana alheri a kan ɓoyewa. Mun kawo shi ne domin kowane limami da kowane kwamitin masallaci ya ji da kunnensa cewa tsakanin ganin tsaga da ruftawar rufi yana iya zama yini guda, kuma yin sallah a waje a ƙarƙashin rumfa har a gyara ba ya rage wa kowa lada.

Ginin Rana Plaza na ƙasar Bangaladash ma an ga tsagarsa ana gobe zai faɗi, amma a can masu masaƙu tilasta wa ma'aikata suka yi su koma ciki. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ya rushe, mutum 1,134 suka mutu, akasarinsu mata masu ɗinki, a ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Kuma ko Harami bai tsira daga sakacin masu gini ba. Ranar 11 ga Satumba 2015 wani ƙaton injin ɗaga kaya ya faɗo cikin Masallacin Makka lokacin wata iska mai ƙarfi, fiye da mutum 100 suka rasu, har da alhazan Najeriya. Da a nan ne, da an ce iska ce daga Allah an rufe magana. Hukumomin Saudiyya sun yi bincike, shari'a ta ɗauki shekaru, kuma a 2023 kotu ta sami kamfanin da ke aikin da laifin sakaci ta ci shi tarar riyal miliyan 20. Ko an ce tarar ta yi kaɗan, an dai tabbatar da cewa iska ba ta wanke wanda ya bar injin a tsaye.

To mu juyo ga dokar ƙasa, wadda ake karɓar harajinmu da sunanta. Babbar dokar da ta shafi lafiyar ma'aikaci a wurin aiki ita ce Dokar Masana'antu ta 1987, wadda gwamnatin soja ta kafa a kan tubalin wata tsohuwar doka ta zamanin Turawa. Sunanta ma ya faɗi inda hankalinta yake. An rubuta ta ne domin masaƙa da kamfanin taba da wurin da injuna ke juyawa a cikin katanga, kuma masana sun daɗe suna kukan cewa ma'anar da ta ba wa masana'anta ba ta rungumi filin gini yadda ya kamata ba. Tarar da ta yanka wa wanda saɓa dokarsa ya jawo mutuwar ma'aikaci ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba. Ku je kowane shagon siminti a Sabon Gari da naira 5,000 ku ga ko za a ba ku buhu ɗaya. A 2012 Majalisar Dattawa ta amince da wani sabon ƙuduri kan tsaro da lafiyar ma'aikata wanda zai haɗa da masu gini, amma bai sami sa hannun shugaban ƙasa ba, ya mutu a cikin fayil. Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa ya fito a 2006, ya yi shekaru yana yawo ba tare da dokar da za ta tilasta aiki da shi ba.

Ba cewa muke babu komai a rubuce ba. Najeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiyar ma'aikata tun 1994. A 2003 dokar inshora ta wajabta wa mai gina abin da ya haura hawa biyu ya yi inshorar da za ta biya wanda ya mutu ko ya ji rauni saboda sakacin aikin, kuma ga mai ƙyamar inshorar riba akwai ta takaful. Mafi muhimmanci, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, domin a biya wanda ya naƙasa ko iyalan wanda ya mutu. Dokar ta faɗa ƙarara cewa ma'aikaci ya haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da na wucin gadi, da ɗan koyo. Watau saurayin da muka binne yana cikinta. Amma wa ya gaya masa? Wa ya gaya wa mahaifinsa? Da wace takarda za su tabbatar ya taɓa aiki a wurin, tunda mai gini ya ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya ba birkila, birkila ya ɗebo leburori a bakin titi, kowa kuma yana iya rantsuwa cewa ba shi ya ɗauke shi ba?

Wannan sarƙa ta miƙa-wa-na-gaba ita ce zuciyar cutar, kuma waɗansu ƙasashe sun gane haka. A Ingila, tun 1994 aka yi ƙa'idojin da suka ɗora nauyin tsaron ma'aikata a kan mai ginin da mai zana shi, ba a kan ɗan kwangila kaɗai ba, domin mai kuɗi shi ne yake yanka farashi da wa'adi, su kuwa su ne suke haifar da gaggawa da ha'inci. Ba mu kawo Ingila don sha'awa ba. Mun kawo ta ne don kunya, ganin cewa abin da suka gano a ƙarshen ƙarni na 20 yana cikin babin lamuni na littattafan da ke kan kantocinmu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2005 cewa aƙalla mutum 60,000 ke mutuwa a wuraren gini kowace shekara a duniya, kimanin mutum ɗaya a kowane minti 10. Saurayinmu ba ya cikin irin wannan lissafi, domin babu ofishin da aka kai rahoton mutuwarsa. Sai bene ya rushe gaba ɗaya jaridu suke zuwa, kamar mai hawa 21 na Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, wanda ya ci fiye da mutum 40, mafi yawansu ma'aikata, ko makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos ranar 12 ga Yuli 2024, inda 22 suka rasu. Mai faɗowa shi kaɗai daga kan tsani ba labari ba ne.

Takardar izinin gini da ake karɓa daga KASUPDA tana duba fili da zane da tazarar da aka bari daga titi, kuma wannan yana da amfaninsa. Majalisar COREN tana rajistar injiniyoyi tun 1970, CORBON tana rajistar ƙwararrun magina tun 1989. Amma ginin da ba a kira injiniya ba, ba a kira ƙwararren magini ba, wa zai hukunta a cikinsa? Abin takaicin da ya fi kowanne shi ne wannan: a Samarun nan Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, da sashen zanen gine-gine wanda ya fi kowanne daɗewa a ƙasar nan, da sashen gini, da na ƙiyasin kayan gini, da na injiniyan gine-gine. Ɗalibai sun rubuta kundaye masu yawa a kan ƙarfin bulo da haɗurran wurin aiki. Sa'an nan su fito ta ƙofar jami'a su kwana a ɗakin hayar da aka ɗora hawa na biyu da na uku a kan fandishon da aka haƙa don gida mai hawa ɗaya. Ilimin yana cikin katanga, gine-ginen suna bayanta, titi ɗaya ne tsakaninsu.

Ha'incin kuwa ba ɓoyayye ba ne, kowane birkila ya san shi. Buhun simintin da ya kamata a buga bulo talatin da wani abu da shi sai a ja shi ya ba da hamsin ko sittin, ka ɗaga bulo ya marmashe a hannunka. Kankaren ginshiƙi da dekin da aka saba haɗawa kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai a ƙara yashi mai laka a cika ruwa don ya yi saurin zuba. Inda zane ya ce rodi mai milimita 16 sai a sa mai 12, a faɗaɗa tazara, tunda kankare zai rufe. Kankare yana bukatar a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, amma sai a cire katakan da suka tokare dekin tun bai ƙosa ba don a kai su wani aikin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, ya barrantar da kansa daga mai algus. Wancan algus ɗin asararsa kuɗin mudu ne. Wanda ya ɓoye siririn rodi a cikin ginshiƙi ya binne algus ɗin da zai tashi bayan shekara goma a kan 'ya'yan waɗanda bai taɓa gani ba.

Akwai kuma mutuwar da ba ta da ƙara. Ɗanyen siminti yana cin fata kamar toka mai kaifi, ku dubi ƙafafun masu cuɗa kankare da silifa ko da leda ɗaure a ƙafa. Ƙurar dutse da ta yankan tayil tana taruwa a huhu shekara da shekaru har numfashi ya gagara, kuma ba ta da magani. Tsofaffin silin da kwanon rufi na asbestos, waɗanda suka cika gidajen da aka gina shekarun baya, idan aka farfasa su ƙurarsu tana jawo sankarar huhu bayan shekara ashirin ko talatin, yara kuwa ake sa wa su kwashe ɓaraguzan. Mai ɗaga rodi a kan bene kusa da babbar wayar lantarki ba sai ya taɓa ta ba ma wuta ke iya tsallakowa. Waɗannan idan sun kwanta ciwo a ƙauye babu mai danganta shi da ginin da suka yi a Samaru. Takalmin roba da safar hannu da hular kwano da abin rufe hanci na leburori goma ba su kai kuɗin ƙofar ƙarfe ɗaya ta gaban gidan ba. Hadisin Abu Zarri da ke Buhari da Muslim ya hana a ɗora wa na ƙarƙashi abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora to a taimake shi, kuma a kan bayi aka faɗe shi, balle ɗa mai 'yanci da ya zo neman halal.

Yanzu sai mu zo gida, domin ba daidai ba ne mu nuna gwamnati da 'yan kwangila da yatsa mu manta da namu. Mu ne muka fi kowa gine-gine a unguwannin nan: masallatai, makarantun Islamiyya, azuzuwan tahfizi. Da kuɗin taro-sisi muke yi, kuma wannan abin alfahari ne. Amma sau nawa muka ɗora bene a kan tsofaffin azuzuwa don ɗalibai sun yi yawa, ba tare da wani masani ya tona ya ga fandisho ba? Sau nawa muka ba wani aiki don kawai ɗan'uwa ne mai zuwa karatu, ba mu tambayi ko ya taɓa zuba dekin ba? Sau nawa muka kira gayya ranar Asabar, muka jera yara 'yan shekara 12 suna hawa tsani da bulo a ka, muna kabbara muna cewa aikin lada ne? Kyakkyawar niyya ba ta ƙara wa kankare ƙarfi. Idan ajin nan ya rufta a kan yara 60, kwamitin da ya sa hannu shi ne mai bangon da ya karkata, kuma wannan rubutu shi ne gargaɗin da aka yi masa a gaban shaidu.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe da ke da gini a hannu, a Samaru da Sabon Gari da kewaye, da kada a ƙara ɗora bulo ɗaya a sama da hawa na farko sai injiniya mai rajista ya duba ya sa hannu. Muna da su a cikinmu, malaman jami'a da na kwalejin Nuhu Bamalli da tsofaffin ɗalibansu, kuma yini ɗaya a wata da za su bayar kyauta ya fi mana tabarmi goma da za su saya wa masallaci. A sa kuɗin takalma da huluna da katako mai kyau a cikin kasafin ginin tun farko, kusa da kuɗin siminti. A ajiye littafi a rubuta sunan kowane lebura da garinsa da wanda za a nema in wani abu ya faru, ko da yini ɗaya zai yi. A cire yara daga kan tsani gaba ɗaya. In ana son su sami lada, su ɗebo ruwa a ƙasa. Limamanmu su karantar da babin diyya da lamuni a kan mumbari da misalin bulo da rodi, yadda mai gini da ke sahun gaba zai gane da shi ake.

Idan kuma aka sake kawo mana gawar wanda ya faɗo daga gini, za mu yi masa sallah mu binne shi kamar yadda ya wajaba, sa'an nan dattawa uku su tafi wurin mai ginin, su tambayi yadda abin ya faru, su ga tsanin da idonsu, su ji daga bakin waɗanda suke wurin. In sakaci ya tabbata, a gaya masa abin da shari'a ta ɗora masa, a gaya wa magada haƙƙinsu kafin a nemi su yafe, domin yafewar wanda bai san yana da haƙƙi ba ba yafewa ba ce. In ya ƙi, lauyoyinmu su raka iyalan zuwa ofishin ƙwadago da kotu. Mahaifin saurayin da muka binne a damina yana nan a ƙauyensu, an ba mu kwatancen gidan, kuma da shi za a fara a watan nan in Allah Ya yarda.